Taba Ta Bambanta Da Garin Gero

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu na Arewa duk sa'ad da aka ta da zancen illar taba ga mai ciki. Da an soma, sai ka ji wani ya kaɗa hannu ya ce, "Wannan ai damuwar Turawa ce, mu matanmu ba sa shan taba." Na ji wannan magana a majalisar ƙofar gida, na ji ta a tasha, na ji ta har a bakin waɗanda suka yi ilmin zamani mai zurfi. In kuwa don ta sigari ce, maganar tana da ƙamshin gaskiya. A unguwar Yindiski ta garin Potiskum aka haife ni, a nan na tashi, a nan furfura ta same ni, amma ban taɓa ganin matar aure ta zauna a tsakar gida ta kunna karan sigari ba. Wadda duk ta kuskura ta yi haka, kafin la'asar labarinta ya gama unguwa.

Alƙaluma ma ba su ƙaryata masu wannan magana ba. Binciken da aka yi a duk faɗin Nijeriya a shekarar 2012, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna cewa cikin maza 100 wajen 7 ne suke shan taba mai hayaƙi, mata kuwa 4 ne kacal cikin 1,000. Sai dai binciken nan bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa matan da suke amfani da tabar da ba a kunnawa, watau wadda ake sawa a baki ko a shaƙa a hanci, sun kai 9 cikin 1,000, ninki biyu ke nan da ɗoriya. Haka kuma wani bincike da aka buga a Ingila a 2014, wanda ya tattara bayanin masu ciki daga ƙasashe 54 masu tasowa, ya samu cewa a Afirka masu ciki 2 cikin 100 suna amfani da taba, amma masu zuƙar hayaƙinta ba su kai ko ɗaya cikin 100 ba.

To, abin da nake so mu duba tare da mai karatu ke nan. Taba ba sigari kaɗai ba ce, kuma ba sai mace ta ƙyasta ashana da hannunta take shiga jikinta ba. Mun ajiye mai gadi a zaure muna alfahari da shi, alhali kuwa katangar bayan gida a rushe take.

Tsohon zance ne

Taba ba shukar ƙasarmu ba ce ta asali. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma ta bazu da sauri har malaman Timbuktu, irin su Ahmad Baba, suka yi rubuce-rubuce a kan hukuncinta tun farkon ƙarni na 17. Sa'ad da Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, ya sauka Kano a 1824, ya rubuta abin da ya gani game da ita. Ya tarar shan hayaƙinta al'adar maza ce, an hana mata. Amma ya ga maza da mata suna rina haƙora da furen taba don ado, ya kuma ga ana sa garin taba gauraye da kanwa a baki. Har ya lura da cewa a ƙasar Hausa mata ma suna yin haka, saɓanin Borno inda ba a yarda musu ba.

Ka ga ke nan yau shekara 200 abin da muke ciki bai sake ba: an tsare mace daga hayaƙin da za ta zuƙa a bainar jama'a, an bar ta da garin da za ta ɓoye a ƙasan leɓe. Garinmu kuwa, da yake yana zaune a kan hanyar Kano zuwa Borno, kuma kasuwarsa tana tara mutane daga gabas da yamma, ba al'adar da ba ta ya da zango a cikinsa ba.

Ina yaro, ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo, sana'arta ke nan a Yindiski. Takan sayo busasshen ganyen taba ran kasuwa, ta daka a wani ƙaramin turmi da ba a daka kome a cikinsa sai shi, ta tankaɗe, ta barbaɗa dakakkiyar kanwa, sa'an nan ta ƙuƙƙulla na kwabo-kwabo. Ranar daka duk gidan atishawa yake kamawa, har kaji. Dattawa sukan zo da battarsu a cika musu, 'yan dako da masu koro shanu zuwa kara su ma sukan biyo. Waɗannan duka a fili suke saye, ba kunya ba nauyi.

Akwai kuma waɗansu masu sayen da ba a ganin fuskarsu. Yara ake aikowa bayan magariba, sai yarinya ta durƙusa ta ce, "Goggo, wai in ji Innata, a ba ta maganin haƙori." Ba a taɓa kiran sunan abin. Magani ake ce da shi: maganin haƙori, maganin tashin zuciya, maganin yawan tsartar da yawu. Duk wanda ya zauna cikin mata kuwa ya san wa ya fi fama da waɗannan abubuwa uku. Mai laulayi ce. Ita ce zuciya take tasar mata da asuba, ita ce take yawo da gwangwanin tofi, ita ce dasashinta yake kumbura. Sai wata tsohuwa mai tausayi ta ce, "Ungo, 'yar nan, ɗan dangwala ki sa a wurin, yanzu zai kwanta." Ya kuwa kan kwanta na ɗan lokaci. Gobe sai a sake, jibi ma haka, kafin a haihu abin ya zama jiki.

Goggo ba ta taɓa ɗaukar kanta mai cutar da kowa ba, matan ma ba su ɗauki kansu mashaya ba. Yaya za su ɗauka, alhali tun suna 'yammata suke ganin iyayensu suna goga fure da goro a haƙora ranar suna da ranar biki? A wurinsu taba dangin lalle ce da kwalli, in ta wuce nan kuma dangin sassaƙe ce. Adon fure ya ja baya yanzu, amma ƙullin garin taba yana nan a kasuwanninmu, sai dai leda ta maye gurbin takarda.

Hausawa dai sun ce taba ta bambanta da garin gero. Kanwar nan da ake zubawa ba don ɗanɗano kawai ba ce. Aikinta shi ne ta saki sinadarin da ake kira nikotin daga jikin garin, ta sa ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. Shi ya sa masu sha suke cewa tabar da ba kanwa lami ce. Mutanen Sudan ma haka suke haɗa tasu, wadda suke kira tumbak. Nikotin ɗin da yake cikin ƙullin kwabo kuwa shi ne dai na cikin kwalin sigari, bai san bambancin ƙofar da ya shigo ta ita ba.

Wanda yake shakka sai ya dubi Indiya, inda mata da yawa suke goga gasasshen garin taba a haƙora da dasashi, kusan yadda namu suke yi. A birnin Mumbai likitoci sun bi sawun masu ciki sama da 1,200, suka buga sakamakon a 2004. Sun tarar masu amfani da irin wannan taba suna haihuwa wajen kwana 6 kafin sauran, kuma jariransu sun kasa na sauran nauyi da kimanin giram 100. Da suka ƙara bin bayanin matan nan, sai suka ga haɗarin haihuwar ɗa ba rai ya ninka fiye da sau biyu a cikinsu. Ba ɗayansu da sai ta kunna ashana.

Yadda take isa ga ɗan tayi

Ɗan da yake ciki ba ya ci da bakinsa, ba ya numfashi da hancinsa. Abincinsa da iskarsa duk daga jinin uwa suke zuwa, su bi ta mabiyiya, su gangaro ta igiyar cibiya. Hanya ɗaya ce tak, ba ta da ta biyu. Nikotin yana tsuke jijiyoyin jini, har da waɗanda suke kai jini mahaifa, sai abin da yake isa ga yaro ya ragu, kamar an taka tiyon ban ruwa. Bugu da ƙari, shi kansa nikotin yana ƙetare mabiyiya ya shiga jinin yaron.

In kuwa tabar ta hayaƙi ce, sai a sami ƙari. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, marar launi marar wari, da ake kira kabon monoksaid. Ita ce irin wadda take hallaka mutanen da suka kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki. Wannan iska tana riƙe jini fiye da yadda iskar numfashi take riƙe shi sau 200 da wani abu, saboda haka da ta shiga sai ta hau mazaunin iskar kirki ta zauna. Uwa ba za ta ji kome ba, watakila sai ɗan ciwon kai. Shi kuwa na ciki, wanda daman ragowar abin da uwa ta shaƙa yake samu, shi ne kasonsa yake raguwa.

Likitoci sun daɗe da gane wannan. Tun a 1957 wata likita a Amurka, Winea Simpson, ta nuna cewa haihuwar ƙananan jarirai ta kusa ninkawa a cikin mata masu shan sigari. Daga lokacin zuwa yau bincike ya yi ta tabbatar da abu guda: ɗan mai shan sigari yakan kasa na wadda ba ta sha da wajen giram 200, kuma taba tana ƙara haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da rabuwar mabiyiya kafin lokaci wadda take jawo zubar jini mai tsanani, da tsagewar leɓe, da mutuwar jariri farat ɗaya cikin barci.

Na sha jin tsofaffi suna cewa ai ƙaramin ɗa rahama ne ga uwa, ya fi sauƙin fitowa, in ya fito ya yi ƙibarsa a waje. Wannan magana tana bukatar gyara. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, likitoci suna lissafa shi cikin masu rauni: sanyi ya fi saurin kama shi, ƙarfin tsotso ya yi masa ƙaranci, cuta kaɗan ta kayar da shi. A inda akwai kwalabar renon bakwaini da wutar lantarki dare da rana, da yawansu sukan tsallake. A ƙauyukan da suke kewaye da mu, inda asibiti yake da nisa kuma kuɗin mota ma aiki ne, giram 200 ɗin nan yana iya zama shi ne tsakanin a yanka ragon suna da a zo zaman gaisuwa.

Hayaƙin maigida

Ƙofa ta biyu ta fi ta farko faɗi, ita ce kuma ta fi taɓa ni. Potiskum garin manyan motoci ne. Kowa ya san kararmu ta shanu tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma daga nan ake lodi zuwa Kudu. Gida kaɗan ne a Yindiski da ba shi da direba, ko yaron mota, ko makanike. Mutane ne masu neman halali da guminsu, amma tafiyar dare da yaƙi da gyangyaɗi sun koya wa da yawansu sigari.

Ƙanwata direban tirela take aure, mutumin kirki, mai riƙon gida. Cikinta na fari, bisa al'ada, gida ta dawo goyon ciki, ta haifi 'yarta lafiya lau. Na biyu a ɗakinta ta rene shi, watanninsa na ƙarshe kuma suka faɗo cikin hunturu. Wanda ya san sanyin Potiskum ya san yadda ake yi: a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a saki labule. In maigidan ya dawo daga Legas yakan yi kwana huɗu ko biyar yana hutun gajiya, a ɗakin nan yake ci, a nan yake hira, a nan yake shan sigarinsa bayan abinci da kafin barci. Ban da haka abokansa sukan shigo gaisuwa, kowa da nasa karan.

Ranar da ta fara zuwa awo an tambaye ta, "Kina shan taba?" Ta ce har ranta ya ɓaci, ta amsa da "A'uzu billahi!" Aka rubuta a'a, aka wuce. Amsarta gaskiya ce, tambayar ce ba ta kai inda ɓarnar take ba. Wata tara cif ta haihu, amma da aka aza yaron a sikeli kilo biyu ne da 'yan kai. Sai da suka yi kwana tara a asibiti, tana ɗaure da shi a ƙirji fata da fata don ya sami ɗumi, ana ɗiga masa nono da cokali. Likita bai ɗora abin a kan dalili guda ba, don ta yi zazzaɓin cizon sauro tana wata shida, jininta ma ya yi ƙasa. Amma wata dattijuwar malamar asibiti, da ta ɗauki zanen goyon da aka kawo daga gida, sai ta shinshina, ta dubi ƙanwata ta ce, "'Yata, maigidan yana sha ko? A ina yake sha?" Wannan ita ce tambayar da ta kamata tun wata na uku.

Mace ba ta iya cewa da mijinta ya fita waje da tabarsa, balle a gaban abokansa. Iyayenmu kuma suna jin nauyin suruki. Saboda haka maganar ta faɗo kaina. Na same shi a gindin motarsa da yamma, muka gaisa, na yi masa barka, sa'an nan na kawo zancen a hankali. Ya saurara har na gama, kana ya ce, "Yaya, ai ni nake sha, ba ita ba. In cuta ce, ni za ta ci."

Na ce, "Malam, in ka tayar da motar nan a cikin rufaffen gareji, kai kaɗai hayaƙin zai shaƙe, ko har da yaron motarka?"

Ya yi shiru, ya jima yana duban ƙasa. Can ya ce, "Wallahi, Yaya, ban taɓa kawo shi a raina haka ba."

Bai daina a ranar ba, don taba ba a sakinta kamar rigar da ta tsufa. Amma daga ranar sigarinsa bai sake ƙetare zauren gidan ba, ya kuma hana abokansa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sha'anin taba maganar ba ta tsaya nan ba, ruwan har ƙwan da yake cikin sheƙa yake dukan.

Abin da ya faru a ɗakin ƙanwata ba nata ba ne ita kaɗai. Masana a Jami'ar York ta Ingila sun duba bayanin ƙasashe 30 masu tasowa, suka bayyana a 2018 cewa a kowace ɗaya daga cikinsu, masu cikin da suke shaƙar hayaƙin wani a gida kullum sun fi masu amfani da tabar da kansu yawa. Nijeriya ce take da mafi ƙaranci, kashi 6 cikin 100, abin godiya ne. Amma a ƙasar da ake haihuwar jarirai wajen miliyan 7 a shekara, kashi 6 ya haura ciki 400,000. Kafin wannan, a 2011, masana a Jami'ar Nottingham sun haɗa bincike da dama suka ga cewa mai cikin da take zaune cikin hayaƙin wani, haɗarin ta haifi ɗa ba rai yana ƙaruwa da kashi 23 cikin 100.

Mu mutane ne masu tattalin mai ciki. Mukan hana ta fita da tsakar rana, mu hana ta fita da almuru, wai kada ta gamu da iska. Ga shi kuwa iskar da likitoci suka tabbatar da cutarwarta a kan gadonta take kwana.

Abin da yake tafe

Kada kuma mu saki baki mu ɗauka cewa ƙarancin mata masu shan sigari abu ne da zai dawwama da kansa. A Amurka ma kafin shekarun 1920 abin kunya ne a ga mace da sigari, sai kamfanoni suka juyo da tallarsu kan mata, suka sa mata rigar wayewa da 'yanci, kafin 'ya'yan wannan zamani su girma abin ya zama ba kome ba. Yau kasuwar taba tana raguwa a ƙasashen Turai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 80 cikin 100 na masu amfani da taba a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Mai haja kuwa inda kasuwa take ci yake dosa. Mu ma ba baƙinsu ba ne: tun 1959 aka kafa masana'antar sigari a Zariya, a 2003 kuma aka buɗe wata babba a Ibadan.

Rigar wayewar da aka ɗinka wa 'ya'yanmu mata sunanta shisha. Ba ta da warin da yake tona asiri, ƙamshin tuffa da na'ana'a take yi, ana kuma ruɗin yara da cewa ruwan da yake cikin tulun yana wanke dafin. Ba ya wankewa. Taba ce aka jiƙa da zaƙi, aka ɗora mata garwashi, garwashin kuma yana ƙara yawan iskar nan mai guba da muka ambata. Zama ɗaya yakan kai sa'a guda ana zuƙa. Yarinyar da ta saba da ita a wurin biki tana budurwa, ita ce amaryar baɗi, ita ce mai laulayin baɗin waccan. Ciki kuwa yakan yi makonni kafin mai shi ta san ya shiga.

Hukuma ta yi nata gwargwado. An kafa dokar hana shan taba a wuraren jama'a a 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, aka kuma sa hannu a sabuwar doka a 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Amma kowa ya san mai tebur yana nan yana sayar da kara ɗaya, kuma yara ake aika su sayo. Kwalin sigari yana ɗauke da gargaɗi, ƙullin garin taba ba ya ɗauke da kome. Ba kuma ɗan sandan da zai ɗaga labulen ɗakin mutum da tsakar dare ya ga abin da yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai hau ya toshe.

Wani zai ce, ina taba ina hayaƙin murhu, wanda matanmu suke wuni a cikinsa? Ina taba ina cizon sauro, da ƙarancin jini, da rashin abinci mai gina jiki? Gaskiya ne, duk waɗannan suna rage nauyin jariri, waɗansu ma sun fi taba yawan ɓarna a wurinmu. Amma wannan hujja ce a kanmu, ba hujjarmu ba ce. Jakin da aka riga aka yi wa lodi ya fi ƙarfinsa, ba shi ake ƙara wa dutse ba. Kuma cikin kayan nan duka, taba ce kaɗai sauke ta ba ya cin ko kwabo. Murhun gas sai da kuɗi, nama da ƙwai sai da kuɗi, amma fita waje da sigari taku goma ne, barinta ɗungum kuwa riba ce a aljihu.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan awon ciki, tun daga babban asibiti har zuwa ɗakin shan magani na ƙauye. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa tambayar kowace mai ciki game da taba da kuma hayaƙin da take shaƙa, a kowane zuwa awo. Amma a yi tambayar da harshen da zai kai. Kada a ce, "Kina shan taba?" don amsar a'a ce ko da ƙulli yana bakin zane. A ce, "In haƙori ya dame ki, me kike sawa? Me kike yi wa yawun nan? Akwai mai sha a gidan? A ɗaki ko a waje?" A yi ta cikin sirri da sakin fuska, ban da tsawa, don wadda aka kunyata a gaban layi ba ta dawowa. A kuma gaya mata labari mai daɗi, gama akwai shi: binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa wadda ta bar sigari kafin ciki ya kai mako 15, haɗarin ta haifi bakwaini ko ƙaramin ɗa yakan koma daidai da na wadda ba ta sha. Wadda ta wuce nan ma ba ta makara ba, kowace rana aka rage riba ce ga yaro.

Ina kira ga iyayenmu mata da ungozomomi, waɗanda maganarsu ta fi ta likita shiga kunnen mai ciki. Tausayin da yake sa ku miƙa ƙullin nan, shi ne zai sa ku janye shi. Laulayi yana wucewa, ciwon haƙori kuma yana da maganinsa a asibiti. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi, su sa wannan zance cikin abin da suke faɗa wa mutanensu a tasha, ga malamai kuma su sa shi cikin nasihar da suke yi wa ango ranar ɗaurin aure.

Mafi girman kira kuwa ga 'yan'uwana magidanta ne. Buɗe taga ba ya isa, komawa bakin ƙofa ba ya isa, don hayaƙi yana maƙalewa a labule da katifa da riga. Wanda ya iya bari, ya bari. Wanda bai iya ba tukuna, ya sa wa kansa doka cewa gidansa ba wurin sha ba ne, ko gare shi ko ga baƙonsa. Mukan yi wata da watanni muna tara kuɗin rago da goro da turamen zane don ranar suna. Kyautar da ta fi waɗannan duka ita ce wadda ake ba yaro tun bai zo ba, watau a bar shi ya cika nauyinsa, ya cika kwanakinsa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da suka haifa, ya ba masu fama da taba ikon rabuwa da ita, amin.